Tambayi Likita: Yadda Ƙwayar Cuta Ke Gadar wa 'Ya'yanta Taurin Kai

Wata uwa daga Gusau: Likita, ciwon mafitsara ya dawo mini. Kafson da ya warkar da ni bara, bana na shanye shi tas bai yi mini komai ba. Jikina ne ya saba da shi?

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Jikinki bai saba da komai ba, ƙwayar cutar ce ta daina jin maganin. Mafi yawan ciwon mafitsara bakteriyar E. coli ce ke kawo shi. Bayan babban zaren DNA da ke ɗauke da halittarta, takan riƙe wasu ƙananan zobba na DNA da ake kira filasmid, sunan da Joshua Lederberg ya raɗa musu a 1952. A jikinsu ake yawan samun umarnin haɗa sinadarin da ke lalata magani irin su amfisilin. Kada ki koma kemis a canza miki wani da ka. Ki je asibiti a raini ƙwayar daga fitsarinki, a gwada mata magunguna, a ba ki wanda take ji.

Wani ɗalibin kimiyya daga Zariya: Likita, idan bakteriya ta rabu biyu, yaya ake yi kowane ɓangare ya samu filasmid ɗin?

Ɗana, ka taɓo inda nake so. Filasmid mai kwafi da yawa ba shi da damuwa, ko yaya aka rabu kowa zai samu. Amma manyan, waɗanda suka fi ɗaukar taurin magani, sau da yawa kwafinsu ɗaya ne ko biyu a cikin ƙwayar. Da sa'a aka bar wa rabon, da tuni sun ɓace, don E. coli tana iya rabuwa duk minti 20 idan ta samu abinci da ɗumi.

Ga dabarar da da yawansu ke bi: akwai wani ɗan gurbi a jikin DNA ɗin filasmid da ake kira parS. Furotin mai suna ParB yana gane jerin harufan wannan gurbi, ya cusa wani sashensa cikin kwarin zaren ya kama. A 2019 masu bincike suka gano cewa da zarar ya kama, sai ya ɗauki wani ƙaramin sinadari mai suna CTP ya rufe kansa a kewayen zaren kamar zobe a jikin igiya, ya zame gefe, wani ya zo ya hau. Haka suke taruwa da yawa a wurin. Wani furotin kuma mai suna ParA yana manne ne a kan babban zaren ƙwayar, riƙe da ATP, sinadarin da ke ba ƙwaya kuzari. Tarin ParB yana kama ParA, ya sa shi ya saki zaren, sannan tarin ya matsa gaba da filasmid ɗin zuwa inda ParA ya fi yawa. Kwafi biyun kowanne yana guje wa inda ɗan'uwansa ya riga ya share, sai su nufi ɓangarori daban kafin tsakiyar ƙwayar ta tsuke.

Wani filasmid mai suna R1 nasa salon daban ne: furotin ParM yana jeruwa ya zama dogon zare a tsakanin kwafi biyun, yana tsawo yana tura su har kowanne ya kai ƙarshen ƙwayar.

Abin bai tsaya ga filasmid ba. Ƙwayar kwalara, wadda muke fama da ita kusan kowace damina, kuromosom, wato babban zaren DNA, biyu gare ta, kuma kowanne da nasa ParA da ParB. Idan aka cire na ƙaramin, 'ya'yan da suka rasa wannan ƙaramin kuromosom mutuwa suke yi. Shi ya sa nake ganin wannan ilimi ya cancanci matasanmu su shige shi sosai.

Wani mai gonar kaji daga Maraɗi: Idan muka daina zuba antibayotik a ruwan kaji, taurin zai tafi?

Alhaji, zai iya raguwa, amma ba dare ɗaya ba. Wasu filasmid suna haɗa guba tare da makarinta. Makarin yana saurin lalacewa, gubar tana daɗewa, don haka duk ƙwayar da ta rasa filasmid ɗin gubar da ta gada ce ke kashe ta. Ga shi kuma suna tsallakawa da taurin magani daga wata bakteriya zuwa wata, abin da aka fara ganowa a Japan a 1959 a kan ƙwayar atuni. A 2015 aka ba da rahoton wani umarnin da filasmid ke ɗauka mai suna mcr-1 a Sin, a jikin aladu da naman kaji da marasa lafiya, wanda ke hana kolistin aiki, maganin da muke ajiyewa sai komai ya gaza.

Duk da haka ina roƙonka ka daina. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne taurin ƙwayoyin cuta ya kashe kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ji a jika. Ka riƙe rigakafi da tsaftar keji da ruwa mai kyau, magani kuwa sai kaza ta kamu kuma likitan dabbobi ya rubuta.