Rubutu Garau A Kwamfuta, Dishi-Dishi A Talabijin

Tambaya: Ina haɗa rubutun ƙasan allo, wato sunan baƙo da muƙaminsa, da manhajar After Effects. A kwamfutata garau yake fita, amma da zarar tasha ta watsa sai haruffan su yi dishi-dishi, siraran layuka kuma su dinga rawa. Sau uku ina sauya salon haruffa, shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ƙyale salon haruffan tukuna, duba lambobin wurin da ka ajiye rubutun. Allo jerin ƙananan ɗigo ne, fiksel 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye. Idan rubutun ya zauna a 960 daidai, gefen harafi zai faɗa kan iyakar fiksel. Idan kuwa ya zauna a 960.5, manhajar za ta raba gefen tsakanin fiksel biyu, kowanne ya samu rabin haske, ido ya ga hazo. Jawo rubutu da linzamin kwamfuta shi ke yawan haifar da wannan. Rubuta cikakkun lambobi da hannu, musamman a inda motsi ya tsaya, tunda nan mai kallo yake karantawa. Kada kuma ka haɗa aiki a ƙaramin fili ka zo kana buɗa shi. Tambarin da ka shigo da shi daga manhajar zane ta Illustrator, in za ka ƙara masa girma fiye da kashi 100, kunna maɓallin nan mai kama da rana da ke gefen sunansa, domin a sake zana shi daga tushe.

Rawar layuka kuwa daga tsarin watsawa take. Tashoshi da yawa har yanzu suna kan 1080i50, inda ake tsaga kowane firem, wato hoto guda na bidiyo, gida biyu: rabi na farko ya ɗauki layi na 1, 3, 5, rabi na biyu ya ɗauki na 2, 4, 6, a haska su bi da bi sau 50 a daƙiƙa. Layin kwance mai kaurin fiksel ɗaya yana cikin rabi ɗaya ne kacal, don haka sai ya bayyana ya ɓace sau 25 a daƙiƙa. Kwamfutarka ba za ta nuna maka wannan ba, domin ita firem sukutum take haskawa. Dubi sandar tsakiyar harafin e ko ta H a salo mai siririn jiki, nan ƙyaftawar take farawa. Kada wani zanen kwance ya gaza fiksel biyu, huɗu ma ya fi kwanciyar hankali. In tambarin kamfani ne da ba ka da ikon taɓawa, sa masa ɗan hazo na sama da ƙasa kawai, kamar rabin fiksel zuwa ɗaya. Abin kamar da wasa, a ce hazo ne maganin dishi-dishi, amma yana baza layin ya shiga rabi na biyu, rawar ta lafa.

Sai launi. Bidiyo yana adana haske cikakke, launi kuma a tsakure. A tsarin 4:2:2 an rage bayanin launi da rabi a kwance, a 4:2:0 da ke isa gidajen mutane an rage shi a kwance da tsaye duka. Jan rubutu a kan shuɗi kusan launi kaɗai ya bambanta su, shi ya sa gefensa ke zuba kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Kaifin harafi daga bambancin haske yake zuwa: fari ko ruwan ƙwai a kan duhu. Farin ma yana da iyaka, 235 a ma'aunin haske na bit 8 mai tafiya daga 0 zuwa 255, baƙi kuma 16.

Tambaya: Jerin sunayen ma'aikata da ke hawa sama a ƙarshen shiri yana karkarwa, har ba ya karantuwa. Na rage gudu, abin ya ƙara lalacewa.

Amsa: Hajiya, ba kowane gudu tsarin nan yake karɓa ba. Idan rubutu yana hawa layi ɗaya a kowane rabin firem, rabi na biyu zai sake nuna layukan harafin da na farko ya riga ya nuna, sauran ba za a taɓa ganinsu ba. Rabin kaifin ya tafi ke nan. Ki sa ya hau layi biyu ko huɗu a kowane rabi, wato fiksel 100 ko 200 a daƙiƙa. Ga lissafi: jerin mai tsawon fiksel 4,920, a haɗa da tsayin allo 1,080, tafiyar ta zama 6,000. A gudun 200, daƙiƙa 30 cif. In an ba ki daƙiƙa 25 ne, matse tazarar sunayen har tafiyar ta koma 5,000, kada ki taɓa gudun. Ki kashe hazon motsi da sassaucin farawa da tsayawa, wajen fitarwa kuma ki zaɓi rabin sama, wato mai layi na 1, 3, 5, ya fara, haka 1080i yake so.

Tambaya: Farin rubutuna yana fita da baƙin zobe a gefe idan an ɗora shi kan hoto.

Amsa: Saɓani ne kan yadda aka adana sharasharan gefen harafi. Ka fitar da shi gauraye da baƙin bango, manhajar tacewa kuma ta karanta shi a matsayin wanda ba a gauraya ba. Daidaita saitin alfa, wato bayanin sharasharan nan, a manhajojin biyu, ka miƙa fayil ɗin a tsarin bidiyo na ProRes 4444, ba H.264 ba. Tunda ka buɗe aikin, auna gefe ma: ƙa'idar R 95 ta ƙungiyar tashoshin Turai ta ce a bar kashi 5 kowane ɓangare, fiksel 96 hagu da dama, 54 sama da ƙasa.