Kartmer 60 na Intel: ina littafinka, Malam?

Wani mai shagon gyaran kwamfuta a Sabon Gari, nan Damagaram, ya aiko da wannan tambaya kan kartmer, wato babban allon kwamfuta da ake dasa prosesa da ram a kansa: "Salamu alaikum. Ɗan baffana da ke Kano ya samo kartmer guda 60 na Intel, samfurin DH61, an yi aiki da su amma ya ce lafiyarsu lau, jaka 12 kowace. Ya ce Intel ya daina yin su, nan gaba za su yi wuya har in sayar jaka 30. Ina da jaka 450, sauran zan ranta. A shagona suna tafiya sosai, jaka 20 nake sayarwa. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, Malam. "Suna tafiya sosai" ɗin nan, guda nawa ke nan a wata? Ka faɗi kuɗin saye, ka faɗi kuɗin sayarwa, har ka faɗi kuɗin da kake mafarki, amma lambar da za ta yanke hukunci ba ka kawo ta ba. Na san dalili: ba ka rubutawa. Mutum zai zuba jaka 720, kusan jaka 300 daga ciki bashi, bisa abin da yake ji a ransa.

Mu fara sallamar maganar ɗan baffanka. Gaskiya ne Intel ya fita daga sana'ar kartmer, amma labarin ya tsufa. A watan Janairun 2013 ya sanar cewa zai janye cikin shekara 3. Masu haɗa kwamfuta da hannunsu ba su zauna makoki ba, suka koma ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock, duka na Taiwan. Haka aka yi da kamfanin Abit, wanda 'yan wasa da masu matsa wa prosesa gudu suke rantsuwa da shi: ya rufe wannan harka a ƙarshen 2008, kasuwa ta ci gaba. In da barin kasuwa na sa kaya tsada, shekarun nan sun isa a gani. H61, fasahar da aka gina DH61 a kanta, tun 2011 ta fito, kuma har yau masana'antun Sin suna buga sababbin alluna masu arha a kan tsohon cif ɗinta. Abin da ake ta bugawa ta yaya zai yi wuya?

Yanzu lissafi, da lambobin da zan ƙiyasta tunda ba ka ba ni naka ba. Mota daga Kano, duwan, da abin da canjin naira da sefa zai ci, mu ce jaka 60. Jari ya zama jaka 780. A tsohon kaya sai ka ɗauka ɗaya cikin 10 matacciya ce, saura 54, kowace ta tsaya maka kusan jaka 14 da rabi. Ribarka jaka 5 da rabi. In kana sayar da 3 a wata, sai ka yi wata 13 kafin uwar kuɗi ta dawo, wata 18 kafin kwalin ya ƙare, shi ma in farashi bai faɗi ba. Mai bashi kuwa ba zai jira wata 13 ba. In 12 kake sayarwa a wata, magana ta sake gaba ɗaya, cikin wata 5 ka karkaɗe kwali. Tsakanin 3 da 12 akwai arziki da tsiya, kuma kai da kake zaune a shagon ba ka san wanne ne naka ba.

Ga wani abin da littafi zai nuna maka. Yawancin injunan da ake kawo muku daga biro-biro da makarantu da masu buga takardu, HP ne da Dell na hannu. Da yawa cikinsu allonsu na gida ne: wasu HP filogin wutarsu mai haƙori 6, Dell OptiPlex 7020 da 9020 mai haƙori 8, alhali DH61 mai 24 take so, ga wayoyin maɓallin kunnawa da na USB na gaba ba sa haɗuwa. Mai irin wannan injin in allonsa ya ƙone, naka ba zai shiga ba sai an canza alimantasiyo, wato abin da ke ba injin wuta, wani lokaci har da akwatin. Da ya ji kuɗin sai ya ce gara ya ƙara kaɗan ya sayi wani injin sukutum. To cikin injuna 10 da suka shigo shagonka, nawa ne DH61 za ta zauna musu? Wannan ma ba ka sani ba.

Akwai kuma BIOS, wato manhajar da ke cikin allon mai tayar da injin. Allon H61 na farko-farko ba ya tashi da prosesa ta ƙarni na 3 sai an sabunta shi, ga shi Intel ya sauke fayilolin tsofaffin allunansa daga shafinsa a ƙarshen 2019. Sai dai ka kwaso a wani wuri, in fayil ya zo gurɓatacce ko Nigelec ta ɗauke kuran ana tsaka da aikin, allon ya tafi. Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025 ne ƙarshen kulawar Microsoft da ita, Windows 11 a ƙa'ida tana neman cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da prosesa ta ƙarni na 8 zuwa sama, wadda DH61 ba ta ɗauka. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya karanta wannan a wayarsa ba zai ba ka jaka 30 ba.

An yi haka a garin nan lokacin da alluna masu soket 775, wato wurin dasa prosesa na da, da ram na DDR2 suka fita yayi. Wani mai shago kusa da Kasuwar Dole ya tara kwalaye yana jiran tsada. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu suka bi ta kansu, kondansatoci suka kumbura, tsatsa ta kama bakin ram, ƙarshe ya sayar wa masu awon ƙarfe. Shi ma da za a tambaye shi a lokacin, "suna tafiya" zai ce.

Ka sayi kaye na ɗalibai yau. Duk injin da ya shigo ka rubuta rana, suna da samfuri, soket, abin da ya lalace, abin da ka sa, nawa ka saya, nawa ka karɓa. Wanda ya nemi abu bai samu ba shi ma ka rubuta, don wannan layin ne zai gaya maka abin da za ka saro. Ka bi saƙonnin WhatsApp da faktir ɗin da suka rage ka tono wata 3 na baya. Bana jin za ka wuce 4 a wata, kuma za ka ga alimantasiyo da disk sun fi kartmer kawo kuɗi nesa ba kusa ba, saboda hawa da saukar kuran su yake fara ci.

In littafin ya nuna da buƙata, ka karɓi guda 10, da kuɗinka, ba rance. Ba a cinikin biri a sama: kowace a gwada ta kafin a biya. Ka haska tocila cikin soket, haƙori 1155 ne, ɗaya ya lanƙwashe ya isa ya kashe ramin ram guda. Ka duba kan kondansatoci, ka auna batirin CR2032 ya ba da bolt 3, ka tayar da ita da prosesa da ram da ka tabbatar da su, rami ɗaya bayan ɗaya, ka gwada USB da bakin intanet, ka bar ta a kunne awa 2. Sauran kuɗin ka raba: allunan H61 da H81 kaɗan na Gigabyte ko ASUS, waɗanda BIOS ɗinsu ke shafin kamfani, da H310 ko B450 guda 2 don mai son Windows 11.

Ɗan baffanka kuwa ka tambaye shi cikin mutunci nawa ne ladansa a kan kowace, da naira za a biya ko da sefa, kuma wa zai ɗauki matattun. Amsar ya rubuto ta a saƙo, ka kwafe ta a shafin farko na kayen.