Tambaya da Amsa: Agogon motsa jikina ya ƙi haɗuwa da kwamfutar Linux

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a BUK ina zaune a Rijiyar Zaki, kullum bayan sallar asuba nakan fita gudu, yayana ne ya ba ni agogon Garmin Forerunner na hannu da ya daina amfani da shi. To laftof ɗina tsohuwa ce bata ɗaukar Windows 11, da aka ce Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025 sai wani abokina ya sa min Linux Mint, kuma gaskiya tana gudu lafiya lau, amma na nemi Garmin Express, manhajar da ke haɗa agogon da kwamfuta, na Linux har na gaji ban samu ba. Dan Allah ya zan yi in ga gudun da nake yi a kwamfuta?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Daina ɓata datarka wajen nema, babu shi, Windows da Mac kawai aka yi wa Garmin Express. Za ka ji wasu suna cewa ka sa shi ta Wine, wato manhajar da ke sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux, ni dai ban ba ka wannan shawarar ba, don yawanci ko manhajar ta buɗe bata ganin agogon, ka kwana kana fama a banza.

Kuma ma baka buƙatarsa don abin da kake so. Juya bayan agogon ka duba inda caja ke kamawa, za ka ga 'yan ƙarafa guda huɗu, to wannan kebul ɗin ba wuta kaɗai yake ɗauka ba har da bayanai. Ka soka shi a laftof ka ɗan jira. Tsofaffin irinsu Forerunner 235 suna fitowa ne kai tsaye kamar ka sa filas, waɗanda ake zuba wa waƙa kuma da sababbin ta hanyar MTP suke zuwa, wato yadda wayar Android ke fitowa idan ka haɗa ta, kuma Mint na gane duka biyun. Buɗe foldar GARMIN, a ciki akwai wata mai suna Activity, nan gudun da agogon ya ajiye yake, kowanne da fayil ɗinsa mai ƙarewa da .fit, a cikinsa akwai hanyar da ka bi da saurinka da bugun zuciyarka da hawa da gangara, kuma ƙanana ne sosai gudun awa guda bai kai megabait ɗaya ba. Kwafa za ka yi fa, kar ka yanke, kar kuma ka taɓa sauran foldojin da baka san aikinsu ba. Ka buɗe folda ɗaya a kwamfutarka ka riƙa zubawa duk sati.

In ka soka ka ga agogon yana caji amma babu abin da ya fito, fara zargin kebul tukuna kafin Linux. Da yawa daga cikin na arha wuta kawai suke bayarwa. In za ka sayi wani a Farm Centre ko Beirut Road ka tafi da laftof ɗin ka gwada a gaban mai shago kafin ka biya. Wasu agogunan kuma a cikin Settings ƙarƙashin System akwai USB Mode, ka mai da shi MTP.

Wajen kallo, in taswira kawai kake so ka ga inda ka bi daga Kabuga zuwa sabuwar BUK da jadawalin saurinka, manhajar GPXSee ta ishe ka, mara nauyi ce ta dace da tsohuwar na'ura. In kuwa kana so ka riƙa bin diddigin kanka wata bayan wata, ka ga ko bugun zuciyarka na sauka a gudu iri ɗaya, to GoldenCheetah, kyauta ne kuma yana karanta fayilolin FIT da makamantansu irin TCX da GPX, sai dai masu tseren keke aka fi yi wa shi don haka ranar farko zai cika maka ido da lissafe-lissafe, ka yi haƙuri da shi kwana biyu za ka saba. Sannan shafin Garmin Connect da na Strava, inda masu motsa jiki ke ɗora tarihin gudunsu, duk suna buɗewa a Firefox kuma suna karɓar fayil ɗin FIT idan ka ɗora da hannu. Abin da ba za ka samu cikin sauƙi ta nan ba shi ne lissafin barci da takun yini, waɗannan a wasu foldoji daban suke kuma manhajojin da na faɗa ba don su aka yi su ba, wannan kam waya ta fi sauƙi.

Amma ko kana ɗorawa a shafinsu ka ajiye kwafinka, wannan ne abin da na fi damuwa da shi. A watan Yulin 2020 masu kutse sun kulle kwamfutocin Garmin, aka yi kwanaki mutane a duk duniya basa iya ɗora komai ko ganin tarihinsu a manhaja. Wani kamfanin agogo mai suna Pebble kuma a 2016 ya rufe gaba ɗaya, masu agogonsa sai da 'yan sa-kai suka ceto su. Zufarka ce, lafiyar jikinka ce aka rubuta a ciki, bai kamata a ce sai ka sayi data kuma kamfani na raye sannan za ka iya ganinta ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matar aure ce a Tarauni, likita ya ce in riƙa tafiya a ƙafa saboda hawan jini, sai maigida ya sayo min agogon ƙirga taku na Mi Band. Kwamfutar gidanmu Linux ɗin Ubuntu ce a kai, na soka cajar a jikinta bata nuna komai ba, ko ta lalace ne? Ina so in fitar da lissafin in nuna wa likita.

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara sauƙi, babu abin da ya lalace. Duba cajar za ki ga ƙarafa biyu ne kacal, wuta kawai suke kaiwa, irin wannan agogon ta Bluetooth yake magana kuma da waya yake yi, don haka hanyarki sai ta bi ta waya sannan ta iso kwamfuta.

Akwai manhajar Android mai suna Gadgetbridge da ake saukewa daga F-Droid, wani rumbun manhajoji irin Play Store, 'yan sa-kai ne suka rubuta ta, tana aiki da Mi Band da Amazfit da wasu da dama, tana ajiye komai a cikin wayarki ba tare da ta aika wa kowa ba kuma tana bari a fitar da bayanan a matsayin fayil. Gaskiyar magana akwai wuri ɗaya mai wahala, sababbin Mi Band sai an fara haɗa su da manhajar kamfanin an ciro wata doguwar lambar sirri an sa mata kafin ta kama, wannan ki nemi ɗanki ko ƙaninki da ya iya waya ya zauna ya yi miki, sau ɗaya ake yi. Daga nan sai ki sa manhajar tura fayil ta KDE Connect a waya da kwamfuta, in suna kan Wi-Fi ɗaya ko hotspot ɗin wayar fayil na wucewa ba kebul. In kuma duk wannan ya yi miki yawa, ki ɗauki hoton allon da ke nuna takunki na sati ki tura kwamfuta a buga miki a takarda, ya wadatar wa likita.

Wani abu kuma Hajiya, tunda maganar hawan jini ce. Akwai agogunan arha da suka cika kasuwa masu nuna wai awon jini a fuskarsu, dan Allah ko an ba ki irinsu kar ki dogara da lambar nan, kar ki rage magani ko ki fasa zuwa asibiti saboda ita. Agogo ya ƙirga miki taku, awon jini kuma a yi da na'urar da ake ɗaurawa a damtse.

TAMBAYA: Muna da ƙungiyar masu keke muna haɗuwa a Filin Sukuwa, shin akwai matsala in muna sa taswirar tafiyarmu a Strava kowa ya gani?

AMSA: Akwai, in daga ƙofar gida kuke kunna agogon. Duk wanda ya buɗe zai ga layinku da gidanku da lokacin da kuke fita kullum. A farkon 2018 taswirar Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a ƙasashen waje saboda sojojin na gudu da agogunansu a kunne. Ku shiga saitin sirri ku ɓoye farko da ƙarshen hanya, ku bar mabiyan da kuka sani kaɗai su gani, ko kuma kar kowa ya danna fara sai kun haɗu a filin.