Tambaya da Amsa: Tsakanin Mai Gida da Ɗan Haya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina gidan haya mai ɗaki shida, banɗaki biyu da rijiya ɗaya na kowa da kowa. Wata mai zuwa zan fara zuba mutane. Me zan yi tun yanzu don mu zauna lafiya? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Alhaji, Allah Ya sanya albarka. Kada ka miƙa wa kowa mukulli sai an rubuta yarjejeniya, ko da ɗan'uwanka ne. Shafi ɗaya ya isa: sunan mai haya, ranar shiga, ranar da kuɗinsa zai ƙare, adadin kuɗin, yawan mutanen da za su zauna, da sa hannun shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafinsa. Duk biyan da aka yi ka ba da rasit, ko ta banki aka turo, domin waya tana lalacewa, saƙon ya tafi da ita.

Inda aka fi samun saɓani shi ne gyara, don haka ku raba shi a takardar. Abin da yake jikin gini naka ne: kwano mai yoyo, bango da ya tsage, silin, wayar wuta ta cikin bango, kwashe sokawe idan ta cika. Abin da amfanin yau da kullum ke lalatawa na ɗan haya ne: ƙwan fitila, kan famfo, kwaɗo, gilashin taga da yara suka fasa. Ranar shiga ku zagaya ɗakin tare, ku ɗauki hoto, kada ranar fita a yi ta musu kan wanda ya fasa tayil.

Ka sa kafinta ya hau rufi a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya kankama. Ƙusa ɗaya da ta yi sako-sako, in aka bar ta har Agusta, silin zai jiƙe, katako ya ruɓe, katifar mutum ta lalace, kuma kai zai riƙe a zuciya. In ɗan haya zai yi gyara ya cire a kuɗin haya, ku daidaita kan aikin da kuɗinsa kafin a fara, a rubuce.

Sai wuta. Mita ɗaya ga ɗaki shida fitina ce, domin mai firiza da dutsen guga ba zai biya daidai da mai fanka ɗaya ba. Ka sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita da ke nuna abin da ya sha, kuma ka tabbata babu tsohon bashin kamfanin wuta na KEDCO a kan gidan kafin su shigo. Wanke banɗaki da kwashe shara a yi su bi da bi, ka naɗa dattijo ɗaya cikinsu ya kula. Kai kuma, tunda gida ne na matan aure, kada ka riƙa faɗowa ciki don naka ne. Ka yi waya, ka yi sallama, ka jira izini.

Tambaya: Kuɗin ɗan hayata ya ƙare wata huɗu ke nan, kullum sai ya ce gobe. Maƙwabta sun ce in cire ƙofar ɗakin ko in yanke masa wuta. Ya halatta? Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Malam, kada ka kuskura. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta ko watso kaya waje duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma shi da kake bi bashi zai iya maka ka a kotu ya nemi diyya. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya.

Ka fara zama da shi ku biyu, ka ji dalili. In albashi ne ya tsaya ko kasuwa ta karye, ku raba bashin kashi uku ko huɗu, a rubuta ranakun biya a gaban shaida. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. In ka ga yana da hali, taurin bashi ne kawai, ka shigo da wanda ya kawo shi ko mai unguwa.

In duk wannan bai yi ba, sai notis. Dokar karɓar gida da ke aiki a Abuja ta ce, inda yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan mako-mako ana ba shi kwana 7, mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai takarda ta biyu ta kwana 7, cewa za ka je kotu. Ka bar lauya ya rubuta, domin kuskuren lissafin kwanaki yana iya mayar da shari'ar baya. Masu karatu na sauran jihohi su duba dokar jiharsu.

Tambaya: Ina son ƙara kuɗin haya, amma ina tsoron mutanen kirki su tashi. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki sanar da su aƙalla wata uku kafin kuɗinsu ya ƙare, da bakinki da kuma takarda, ba ta bakin dillali kaɗai ba. Ki bincika abin da ake biyan irin ɗakin a layinku. Sannan ki yi lissafi: ɗakin Naira 240,000 a shekara in ya zauna wata biyu babu kowa, kin rasa 40,000, ban da kuɗin fenti. Mai biya a kan lokaci ki rangwanta masa, kuma ki gyara yoyon da suka daɗe suna kuka da shi kafin takardar ƙarin ta isa hannunsu.