Canza fambel ɗin Corolla a gida

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce Corolla ɗinka ta 2006 tana tsuwa da safe in ka tayar, tsuwar ta ƙaru in ka kunna AC, kuma kana tambaya ko za ka iya canza fambel da kanka ba sai ka je gareji ba. Za ka iya. Na daɗe ina yi wa tawa, injin iri ɗaya ne, 1ZZ, kuma aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Amma kada ka yi gaggawar ɗora wa bel laifi.

Wannan bel guda ɗaya shi ke juya altaneta, famfon ruwa, kwamfuresar AC da famfon sitiyari. In ya tsinke a hanya, fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi nauyi, ruwa ya daina zagayawa, kafin ka ankara inji ya ɗau zafi. Shi ya sa ba na son a yi wasa da tsuwar nan. Kuma don Allah kada ka bi shawarar masu cewa a shafa sabulu ko man birki. Tsuwar za ta yi shiru na ɗan lokaci, robar kuma ta lalace.

Kafin ka taɓa komai, kashe mota, cire makulli, bari inji ya huce, sannan ka ɗauki hoton yadda bel ɗin ya zagaya fulolin (ƙarafan nan masu da'ira da yake juyawa a kansu) da wayarka, daga sama da kuma gefe. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa: sun cire tsoho, sun rasa hanyar mayar da sabo.

A jikin tenshina, wato abin da ke danne bel ya ɗaure shi, akwai wani kai mai kamar noti, lamba 19. Ba kwance shi ake yi ba, wurin kamawa ne kawai. Sa soket mai kusurwa shida da doguwar sanda, ka danna zuwa ɓangaren da agogo ke juyawa, a hankali ƙwarai, har bel ya yi sako-sako ka zare shi. Tenshinar tana da ɗan shokazoba a jikinta, sannu-sannu take sakewa, kan kuma na alminiyam ne; in ka fizga zai iya cinyewa ko ya karye, aikin bel ya koma sayen tenshina. Wurin a matse yake, don haka in hannunka bai shiga ba, cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta. Sa jak mai tsayawa, kada ka dogara da jak ɗin taya kaɗai.

Da bel ya fita, nan ne ainihin aikin. Juya kowane fuli da hannu ka saurara. Wanda ya yi gurnani ko yake rawa, boris ɗinsa ya tafi, sabon bel ba zai hana tsuwa ba. Duba ko mai na ɗiga a kan bel. Duba haƙoransa ma: irin na yanzu ba kasafai yake tsattsagewa ba, cinyewa yake yi, sai ka ga ramukan sun yi faɗi, bayan yana ƙyalli.

Tafi kasuwa da tsohon a hannu. Lambar jikinsa ta fara da 6PK, wato haƙora shida, sauran lambobin kuma tsawonsa ne a milimita. Gwada su gefe da gefe, ka sayi mai kyau ko da ya fi tsada, jabu ya yi yawa.

Wajen mayarwa, ɓangaren haƙora kan fuli mai ramuka, bayansa kan mai santsi. Bar fuli mai santsi ya zama na ƙarshe, yatsunka nesa da tsakanin bel da fuli. Haska tocila ka tabbatar haƙoran sun zauna daidai a ko'ina, musamman na ƙasan inji, sannan ka tayar ka kunna AC. In tsuwar tana nan, tenshinar ce ta gaji ko wani fuli ya karkace, sai ka turo mana bidiyon ƙarar mu ji.