Na sa wa Beetle ɗina birkin faifai amma har yanzu ba ta tsayawa

Tambaya: Salam. Ina da Volkswagen Beetle ƙirar 1974 da na gada wajen mahaifina Allah ya jiƙansa. Wata biyu da suka wuce na cire birkin ganga na gaba aka sa mata na faifai, amma wallahi yanzu sai feda ta kusa taɓa ƙasa kafin motar ta kama, sai na yi famfo sau biyu ko uku. Bakanikena ya ce in sayo masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi) mai girma ko a sa busta (na'urar da ke ƙara wa feda ƙarfi). Wanne zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai don Allah ka ajiye motar nan a gida, motar da sai an yi mata famfo take tsayawa ba ta hawa titi ba ce. Sannan kar ka sayi ko ɗaya tukuna, abin da ka kwatanta bai yi kama da matsalar da sayayya za ta gyara ba.

Ka tsugunna gaban motar ka leƙa kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan. Akwai ɗan noti da ake kwancewa a fitar da iska, toh dole ya kasance a sama. Na taɓa tsayawa a wani gareji yara biyu sun ƙarar da gwangwani uku na man birki suna bilidin, wato fitar da iska, tun safe, ɗaya na taka feda ɗaya na kwance noti, gumi sharkaf, ashe kalifar hagu aka ɗaura a dama ta dama a hagu, notin ya koma ƙasa, ita kuwa iska sama take taruwa don haka ko kwana za a yi ba za ta fita ba. Musanya su kawai aka yi feda ta dawo.

In wannan lafiya lau, koma baya. Mutane suna mantawa cewa har yanzu ganga ce a bayan, kuma ta Beetle ba ta saita kanta, da hannu ake juya wasu notoci masu haƙora kamar tauraro guda biyu a kowace taya har shu ɗin, wato abin da ke gogar ganga daga ciki, ya matso kusa da ita. Gwajin mai sauƙi ne, ja hambirki kaɗan sai ka taka feda, idan ka ji ta hau sama toh bayan ne ke buƙatar saiti. Motar nan injinta a baya yake, nauyinta can ya fi yawa, birkin baya na aiki sosai. Ka kuma duba tiyon roba guda huɗu da ke kai mai ga tayoyi, in tsofaffi ne suna kumbura lokacin da aka taka sai ƙarfin ya tsaya a nan. Su kam ka canza su duka, ba su da tsadar masta.

Sai ka taka feda ka riƙe. In tana sulalewa ƙasa a hankali kuma babu yoyo ko'ina, robobin cikin masta ne suka mutu, a nan ne za ka sayi sabuwa, amma irin girman ta asali, milimita 19, wadda aka yi don faifai a gaba ganga a baya. Mai girma za ta sa feda ta yi tauri ka ɗauka an gyara, alhali daga 19 zuwa 22 sai ƙafarka ta ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfi kafin ka samu matsi iri ɗaya. Busta kuwa Beetle ba ta zo da ita ba, motar ba ta da nauyi, kuma busta ba ta cire iska.

Abu ɗaya da zan ƙara, sabon faifai yana zuwa da mai-mai a jikinsa don kar ya yi tsatsa, a wanke shi tas. Bayan gyara ka sami titin da ba mutane, ka kai gudun kilomita 60 ka taka har ta sauko 10 ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas, sai ka yi ta tafiya ya huce. Haka fad, wato abin da ke cikin kalifa yana gogar faifai, ke zama daidai a jikinsa.

Tambaya: An ce min man birki DOT 5 ya fi DOT 4 tunda lambarsa ta fi. In ƙara shi a tsohuwar motata?

Amsa: A'a malam, kar ka ƙara. DOT 5 na silikon ne, yawanci launin shuni-shuni, ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4. Wanda ke haɗuwa da su shi ne DOT 5.1, sunan ne ke rikita mutane. DOT 4 ya wadatar, ka sayi gwangwani a rufe da hatiminsa, ban da wanda ake tsiyayowa a gora, domin man nan yana shan danshin iska. Duk shekara biyu a zubar da tsohon a zuba sabo.