Tambaya da Amsa: Hoton RAW zai iya komawa SVG?

Malam, ina gaisuwa. Ni mai ɗaukar hoto ne a Sabon Gari, Zariya, ina aiki da kyamarar Canon. Na ɗauki hoton wani mahayi a hawan Sallah, ya ce a buga masa a babbar bana. Mai bugawa ya ce in kawo masa hoton a SVG don kada ya fashe in an faɗaɗa shi. Hoton yana RAW. Yaya zan mayar da shi? Akwai kuma zanen bangon ƙofar fada da nake so in sa a jikin riguna.

Ɗan'uwa, ina amsawa. Ayyuka biyu ka kawo min, kuma ɗaya ne kawai yake buƙatar SVG.

RAW shi ne ɗanyen abin da idon kyamara ya kama, kafin a gyara haske da launi. Canon na ajiye shi da sunan CR2 ko CR3, Nikon NEF, Sony ARW. Yawancin waɗannan kyamarori suna riƙe matakan haske har 16,384 a kowane ɗigo (ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto), alhali JPEG 256 kawai yake riƙewa a kowane launi. Amma duk yawan nan, ɗigo-ɗigo ne dai. SVG kuwa, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tabbatar a 2001, ba ɗigo yake ajiyewa ba. Umarni ne a rubuce: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi haka, cika ciki da kore. Shi ya sa ko ka buga shi a katangar gida ba ya fashewa, domin kwamfuta sake zana shi take yi.

To, ka tuna mahayin nan naka. Rawani da amawali, aska takwas a gaban riga, gumi a wuyan doki, ƙura a baya. Babu layin da ya raba inuwar kumatu da hasken goshi, a hankali ɗaya ke narkewa cikin ɗaya. In ka tilasta wa manhaja ta bi wannan da layi, ko dai ta rage launukan fuskar ta fito faci-faci kamar taswira, ko ta ƙirƙiro dubban ƙananan siffofi har fayil ɗin ya yi nauyin da manhajar zane ta mai bugawa, irin su CorelDRAW, za ta riƙa sandarewa. Mai hoton ba zai gode maka ba.

Lissafin bana ma yana gefenka. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6,000 a faɗi, 4,000 a tsaye. In aka buga ɗigo 50 a kowane inci, ka sami faɗin inci 120, wato ƙafa goma. Bana daga nesa ake kallonta, ba wanda zai kai hancinsa jiki. Ka buɗe RAW ɗin a manhajar gyaran hoto irin su Lightroom, ko darktable ko RawTherapee da suke kyauta, ka gyara haske, ka fitar da shi TIFF, wani nau'in fayil na hoton ɗigo, a cikakken girmansa. Ka kai a filas. Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi zai yi, kuma ina zargin irin waɗannan matsattsun hotunan ne suka sa mai bugawar ya fara neman SVG tun farko. Rubutun sunan mahayin da sarautarsa, wannan kam a yi shi da layi.

Zanen ƙofar fada shi ne aikin SVG na gaskiya, saboda dagi da sauran ƙulle-ƙullen magina suna da baki a fili, launukansu kuma kaɗan ne. Ka tsaya daidai saitin bangon, kada ka ɗauka a karkace, kuma ka zaɓi lokacin da rana ba ta jefa inuwa a cikin zanen ba, domin manhaja za ta ɗauki inuwar a matsayin wani launi dabam. A nan RAW yake biyanka: ka ƙara bambancin haske da duhu, ka miƙe layukan bangon, ka fitar da shi a fayil ɗin hoto na PNG. Shi za ka buɗe a Inkscape, manhajar zane da layi, domin ba ta buɗe RAW kai tsaye. Cikinta ka zaɓi Trace Bitmap, wanda ke bin hoto ya mayar da shi layi, ka taƙaita launuka zuwa huɗu ko shida. A CorelDRAW sunansa PowerTRACE, a Illustrator kuma Image Trace.

Abin da zai fito ba gamamme ba ne. Za ka ga tsagar siminti da ɓarewar fenti duk sun shiga. Ni dai a irin wannan zanen na fi son in shimfiɗa hoton a ƙasa in bi shi da alƙalamin manhajar da hannuna. Ya fi cin lokaci, amma mai sikirin firintin, wato mai buga zane a jikin riguna, zai iya raba kowane launi ba wahala.

Ka yi hattara da shafukan intanet masu cewa za su mayar maka da RAW zuwa SVG a dannawa ɗaya. Wasunsu cusa hoton kawai suke yi cikin fayil ɗin su canza masa suna. Gwajin ba wuya: buɗe shi ka faɗaɗa sosai. In ka ga murabba'ai sun bayyana, hoton ɗigo ne har yanzu.